Aure Ya Mutu, Haya Ba Ta Ƙare Ba: Na Wane Ne Sauran Watannin?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya gidaje su zama wurin natsuwa ga bayinSa, Ya kuma haramta musu cin dukiyar juna ba da haƙƙi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sanannen abu ne cewa a yawancin biranenmu, irin su Kano da Kaduna da Jos da Abuja, kuɗin hayar gida na shekara guda ake biya a dunƙule, wani wurin ma na shekara biyu, kafin a miƙa wa mutum makulli. A kan haka ga la'adar dillali, ga kuɗin takarda, ga abin da ake ajiyewa saboda ɓarna. Nauyin ya kai har Jihar Legas ta kafa doka a 2011 da ta hana karɓar abin da ya wuce na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a mafi yawan unguwanninta. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, da wuya ƙaramin magidanci ya haɗa wannan kuɗi shi kaɗai. Sau da yawa uwargida ce take cikawa, ko da kwasar adashinta, ko da albashinta, ko ta sayar da ɗankunnen gwal ɗin da ta zo da shi. Ba a rubutawa, ba a kafa shaida, domin a lokacin ana ganin kunya ce a yi maganar kuɗi tsakanin mata da miji.

To amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Sai aure ya mutu a wata na huɗu, alhali an biya wata goma sha biyu. Daga nan tambayar take isowa gare mu bayan salla, ko zauren mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko gaban alƙali: na wane ne sauran watannin? Miji yana cewa sunansa ne a rasit. Matar tana cewa guminta yana ciki. Mai gidan haya yana cewa shi kuɗi ba ya komawa. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan da'awowi, kuma amsar tana fitowa sarai idan aka bi ta daki-daki.

Abin da aka saya da kuɗin

Haya, wadda malamai ke kira ijara, Malikiyya kuma ke kiran ta gidaje da filaye kira'i, ciniki ce ta amfani. Wanda ya biya hayar shekara bai sayi bango da rufi ba, ya sayi zaman cikinsu har wata goma sha biyu. Wannan zama dukiya ce kamar sauran dukiya: ana mallakarta, ana bayar da ita kyauta, ana gadonta, kuma ana iya zaluntar mutum a cikinta. Saboda haka watannin da suka rage ba iska ba ce da wanda ya riga ya riƙe makulli zai shaƙe. Suna da ƙima, kuma suna da mai su.

Malikiyya sun raba hayar gida kashi biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekara kaza daga wata kaza. Wannan tana lazimtar kowa da zarar an ƙulla. Akwai kuma ta wata-wata da ba a yanke mata iyaka ba, wadda kowa ke da damar fita, sai dai gwargwadon watannin da aka riga aka biya, su kam sun lazimta. Hayar shekara da muke yi ta shiga kashi na farko ta kowace fuska, domin wa'adi ya tabbata, kuɗi kuma ya shiga hannu. Biyan kuɗin kafin a zauna halal ne, ko da yake tsananta wa talaka da neman shekara biyu ba halin mai tausayi ba ne.

Daga nan za mu gane cewa alƙawari biyu ne a gidan, ba ɗaya ba. Akwai igiyar aure tsakanin mata da miji, akwai yarjejeniyar haya tsakanin ɗan haya da mai gidan. Tsinkewar ta farko ba ta warware ta biyu. Aya ta farko a Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alƙawuran da suka ƙulla, kuma haya tana cikinsu.

Haƙƙin da ake fara fitarwa

Kafin kowa ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi, akwai haƙƙin da yake gaba da na miji da na mata, wato zaman idda. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana miji fitar da matar da ya saka daga gidanta, ta kuma hana ita kanta fita, sai idan ta zo da alfasha bayyananniya. Abin lura, ayar ta jingina gidan ga matan ne, alhali galibi mazan ne suka mallaka ko suka biya. Aya ta 6 a surar ta ƙara umartar maza da su zaunar da su inda suke zaune gwargwadon halinsu, kada su cutar da su don su ƙuntata musu.

Abin da muka saba gani a ƙasar Hausa ya yi hannun riga da wannan. Takardar saki tana fita, kafin la'asar an kira motar kwasar kaya. Wani lokaci mijin ne ke kora, wani lokaci iyayen matar ne ke cewa 'yarsu ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Duka biyun saɓa wa aya ne. Kuma da an zauna kamar yadda aka umarta, da aure da yawa sun komo kafin tsarki na uku, domin ƙarshen ayar ya nuna cewa Allah Yana iya sauya al'amari bayan abin da ya faru.

A mazhabar Imamu Malik, duk matar da aka tare da ita aka sake ta tana da mazauni a wuyan mijin har ta gama idda, sakin na kome ne ko wanda babu kome. Ciyarwa ce ake bambantawa: mai sakin kome da mai ciki suna da ita, wadda aka yi wa saki uku ba ta da ciki kuwa mazauni kawai take da shi. Imamu Shafi'i yana tare da Malik a nan. Hanafiyya sun ba ta duka biyun, yayin da abin da ya shahara daga Imamu Ahmad shi ne ba ta da ko ɗaya, bisa hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu da Muslim ya ruwaito. Kotunan shari'a a Arewacin Najeriya kuwa da fiƙihun Malikiyya suke aiki. Ko a kul'i, malaman mazhabar ba su yarda a shardanta wa mace ta bar gidan idda ba, domin haƙƙin Allah ne. Abin da suka halatta shi ne ta ɗauki biyan hayar kwanakin iddar daga aljihunta. Idan sakin ba na kome ba ne, ba za su keɓanta ba, kuma mijin ne ya fi dacewa ya nemi wurin kwana. Idan kuwa tana tsoron cutarwa a kanta ko dukiyarta, tana da uzurin ƙaura, mazaunin kuma bai faɗi daga wuyansa ba.

Saboda haka mijin da ya ruga wurin mai gidan haya washegarin saki, ya ce a ba shi sauran kuɗinsa ya miƙa makulli don matar ta rasa wurin zama, ya faɗa cikin ƙuntatawar da aya ta hana. Mai gidan da ya san halin da ake ciki ya biye masa, shi ma ya taimaka a kan zalunci.

Matsayin mai gidan haya

Shin wajibi ne mai gidan ya mayar da kuɗin watannin da ba a zauna ba? A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, uzurin da ya taso daga ɓangaren ɗan haya ba ya warware yarjejeniya. Mai gidan ya miƙa makulli, gidan yana nan lafiya, to ya cancanci kuɗinsa ko an kwana ciki ko ba a kwana ba. Da gidan ne ya rushe ko ya zama ba ya zaunuwa, sai a warware, a mayar da na sauran kwanakin. Hanafiyya ne suka faɗaɗa, suka yarda a warware haya saboda uzuri mai ƙarfi. Don haka kada wanda aurensa ya mutu ya je yana ɗaga wa mai gida murya kamar yana bin sa bashi.

Sai dai akwai ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko ita ce iƙala, wato ɓangarorin biyu su yarda a warware cinikin, a mayar da gida, a mayar da kuɗin abin da ya rage. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke yi wa wanda ya karɓi warwarar ciniki daga ɗan'uwansa Musulmi albishir da cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. A unguwannin da gida ba ya yin mako biyu babu mai nema, mai gidan ba ya asarar komai idan ya yi haka, sai ma lada da ya samu.

Ta biyu ita ce ɗan hayan ya sa wani a madadinsa har wa'adi ya cika, ya karɓi kuɗin daga hannunsa. Asali wannan halal ne, tunda amfanin nasa ne, matuƙar wanda zai shigo bai fi shi cutar da gidan ba. Amma idan takardar haya ta shardanta cewa sai da izinin mai gida, to a nemi izinin, domin Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ɗaukar wa kansu.

Abin da ba shi da wata fuska a shari'a shi ne mai gida ya ci biyu: ya ƙi mayar da kuɗi, ya karɓi makulli, ya zuba sabon ɗan haya a cikin watannin da wani ya riga ya biya. Ya sayar da abin da ba nasa ba ke nan. Ko dai ya mayar wa na farko kuɗinsa, ko kuɗin da na biyu ya biya na waɗannan watanni ya koma ga na farko. La'adar dillali kam ta tafi, domin ya gama aikinsa. Kuɗin ajiya na ɓarna kuwa yana komawa ga wanda ya fitar da shi bayan an cire abin da aka lalata.

Da wane suna matar ta ba da kuɗinta?

Samar da mazauni wajibin miji ne, ko da matar ta fi shi wadata. Don haka duk abin da ta zuba a haya, ta ɗauke masa wani nauyi ne da yake kansa. Hukuncin kuɗin yana bin sunan da ta ba da shi.

Idan rance ne, magana ta ƙare. Bashi ne a wuyansa gaba ɗaya, an zauna a gidan ko ba a zauna ba, aure yana nan ko ya mutu. A Muhtasar na Shehu Halil, babin ciyarwa ya nuna cewa mace tana iya neman abin da ta kashe wa mijinta ba tare da almubazzaranci ba, ko da ba shi da hali a lokacin, sai idan ta yi ne da nufin kyautatawa kawai. Masu sharhi sun ce za ta rantse cewa ta kashe ne don a mayar mata, idan ba ta kafa shaida tun farko ba. Wannan ya rushe abin da wasu maza ke ɗauka, cewa duk abin da ya fito daga hannun mace a gidan aure ya zama ganima.

Idan kyauta ce da daɗin rai, ya karɓa, to ta zama tasa, kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta halatta wa miji abin da matar ta bar masa daga sadakinta da yardar zuciya. Amma Malikiyya sun yi wani togaci mai kyau. Idan ta ba shi ne don zaman ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, tana da damar karɓar abinta, domin manufar kyautar ba ta samu ba. Idan an daɗe, kamar shekara biyu, babu komawa, a tsakanin haka kuma sai a kimanta. Matar da ta sayar da sarƙarta a Muharram don a kama gida, aka sake ta a Rabi'us Sani, ba za a rufe mata baki da kalmar kyauta ba.

Idan kuwa tarayya suka yi, kowa ya biya rabonsa a matsayin ɗan haya, to kowa yana da kasonsa a watannin da suka rage. Akwai kuma sura ta huɗu da ta yawaita tsakanin zawarawa da ma'aikata: matar ce ta kama gidan da kuɗinta, mijin ya tare a wurinta. A nan Shehu Halil ya bayyana a babin haya cewa ba ta bin sa kuɗin zaman da ya wuce, sai idan ta faɗa masa tun farko cewa zai biya. Amma sauran wa'adin nata ne ita kaɗai, shi ne zai tattara kayansa, kuma hayar kwanakin idda tana kansa.

Lissafi a aikace

Mu ƙaddara gida ne na Naira 720,000 a shekara, wato 60,000 kowane wata. Miji ya ba da 480,000, matar ta ba da 240,000, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Aka rabu bayan wata huɗu, idda kuma ta ɗauki kimanin wata uku.

Idan nata rance ne, zai biya ta 240,000 cif. Za ta zauna wata uku na idda, sauran wata biyar nasa ne, ya zauna ko ya sa wani ko ya nemi iƙala.

Idan tarayya ce, kuma ta yafe rabonta na wata huɗun da aka zauna lafiya, sai a dubi wata takwas da suka rage, ƙimarsu 480,000. Wata ukun idda, 180,000, duk a wuyan miji suke, don haka kasonta a cikinsu, 60,000, zai mayar mata. Wata biyar na ƙarshe ƙimarsu 300,000, nasa 200,000, nata 100,000. In shi zai ci gaba da zama, zai ba ta 160,000. In ita za ta zauna, za ta ba shi 200,000 a cire 60,000, saura 140,000. In duka za su fita aka sami wanda ya karɓa, sai a raba abin da ya shigo kashi uku, biyu nasa, ɗaya nata, ya ƙara mata da na idda.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Abin da ke wahalar da shi shi ne fushi, da son kowa ya nuna wa ɗan'uwansa iyakarsa.

Idan akwai 'ya'ya, ko rasuwa ce ta raba

Idan akwai yara ƙanana, lissafin yana sauyawa. A mazhabar Malik uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, matuƙar babu abin da ya kayar da haƙƙinta. Ciyar da yaran da tufatar da su a kan uba suke, haka ma rabonsu na mazauni, wanda alƙali ke kimantawa. Uban da ya bar wa uwar 'ya'yansa sauran watannin haya bai yi asara ba, mafi yawan abin 'ya'yansa ya biya wa. Ya kuma tsare su daga cirewa daga makaranta a tsakiyar zango da cunkusuwa a ɗakin kaka.

Idan mutuwa ce ta raba, haya ba ta warwarewa a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad, amfanin gidan yana shiga cikin abin da aka bari. To amma a nan akwai hukuncin da ɗalibanmu ke karantawa a zaure cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Ya bayyana cewa mai takaba ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamaci, amma tana da mazauni idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Wato fiye da shekara dubu da suka wuce malamai sun ambaci ainihin wannan mas'ala ta hayar da aka biya tun gaba. Don haka dangin miji ba su da ikon zuwa bayan sadakar bakwai su karɓi makulli ko su nemi mai gida ya ba su canji. Za ta cika wata huɗu da kwana goma, ko ta haihu idan tana da ciki, sannan abin da ya rage ya shiga rabon gado, wanda ita ma tana da kaso a ciki.

Sauran masu tarayya a haya

Ba ma'aurata kaɗai abin ke shafa ba. Saurayi yakan biya haya, iyayen yarinya su yi fenti su sa labule, sai a fasa auren kafin ɗauri. Hayar ta wanda ya biya ce, shi zai ji da mai gida. Kayan da ake iya cirewa su koma ga masu su, abin da ya manne a gini kuma a kimanta shi a zaman sulhu, a duba wanda zai ci amfaninsa.

Haka abokan kasuwanci biyu da suka kama shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari, ko ma'aikata biyu da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki a Nyanya ko Mararaba, sai suka ɓata. Ƙa'idar a nan ita ce a tambaya: fita ya yi ko fitar da shi aka yi? Wanda ya yi fushi ya tafi da ƙafarsa, alhali wurinsa yana nan ba a hana shi ba, ba zai tilasta wa abokinsa ya biya shi ba. Abin da yake da shi shi ne ya sayar wa abokin rabonsa, ko ya kawo wanda za a yarda da shi. Amma wanda aka sauya wa kwaɗo, ko abokin ya baje kayansa a duk wurin, to wanda ya mamaye zai biya kuɗin rabon da ya ci.

Har masu zaman dadiro, Allah Ya shirye su, sukan kawo irin wannan ƙara. Zamansu haramun ne, rabuwarsu alheri ce, abin da ke kansu shi ne tuba. Babu idda ta aure da za ta ba da mazauni, babu ciyarwa. Amma saɓon da suka yi tare bai halatta wa ɗaya dukiyar ɗaya ba. Wanda ya biya wani kaso na haya, rabonsa na watannin da suka rage yana nan, kuma kyakkyawar tuba ba ta haɗuwa da riƙe haƙƙin wani.

Hujja da sulhu

Sunan da ke kan rasit yana nuna wanda mai gida ya sani, ba ya yanke hukuncin inda kuɗin ya fito. Ƙa'idar da ke cikin hadisi na 33 a Arba'una ta Imamu Nawawi ita ce mai da'awa ya kawo hujja, wanda ya musa ya rantse. A sha'anin dukiya, Malikiyya suna karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, ko mata biyu tare da rantsuwa. A yau kuma takardar banki, da saƙon shigar kuɗi, da maganar da aka yi ta WhatsApp, da uwar adashi, da maƙerin da ya sayi gwal, duk suna taimaka wa alƙali ya gano gaskiya. Kada mace ta goge saƙonni don fushi, ta goge hujjarta da hannunta.

Wanda kuma ya san gaskiya a zuciyarsa ya fake da rashin takarda, ya tuna hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, kuma duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka yankar masa. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Mafi alheri a fara da sulhu: mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, tare da limami ko mai unguwa, a kira mai gidan haya idan da buƙata. A rubuta abin da aka cimma, da ranar biya, kowa ya sa hannu. Idan mai biya ba shi da hali, a raba masa kashi-kashi, domin aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Idan yana da hali yana ja, wannan zalunci ne kamar yadda ya tabbata a hadisi, kuma ƙofar Hisba da ta kotu a buɗe suke. Babu abin kunya ga mace ta nemi haƙƙinta, kuma iyayen da ke cewa a bar shi da Allah su tabbata ita ce ta yafe, ba su suka yafe mata dukiyarta ba.

Kafin a kai ga haka

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta togace mata da miji ba. Ranar da za a haɗa kuɗin haya, a faɗa da baki: wannan rance ne, ko kyauta ce, ko tarayya ce. A rubuta a 'yar takarda, ko a tura saƙon waya da kowa zai adana. Idan tarayya ce, a sa sunaye biyu a takardar haya. A kuma tambayi mai gida tun kafin a biya: idan larura ta sa muka tashi, za ka mayar da saura, ko za ka yarda mu kawo wani? Masu gidaje ma su saka wannan a takardunsu, su huta da rigima. Yin haka ba fatan tsiya ba ne ga aure, kamar yadda rubuta wasiyya ba ya kawo ajali.

Ga waɗanda kuma abin ya riga ya faru, muna tunatar da su cewa a tsakiyar ayoyin saki ne, a aya ta 237 ta Suratul Baƙara, Allah Ya kwaɗaitar da yafiya, Ya hana ma'auratan da suka rabu mance alherin da ke tsakaninsu. Haƙƙi a san shi tukuna, a faɗe shi da adadinsa, sannan mai ikon yafewa ya yafe da saninsa. Namijin da ya bar wa matar da ya saka wata biyar ta nemi madafa a cikin sutura, ya yi abin da za a tuna masa ranar da kuɗi ba ya amfani.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu rabu da duniya babu mai bin mu komai. Allah ne Mafi sani.